Rigar Fatar da Inna Ta Sa Aka Ɗinka

Hutu Zuhaira ta zo yi Belbeji, hanyar komawa Turai ta rufe a bayanta. Can a labo, ɗakin bincikensu na jami'a, aikinta sanyaya tururin wani ƙarfe da hasken laza, har ƙwayoyin zarrarsa su kama juna gam, su zama ɗan gajimare mai gudana ba gogayya. Sai ta ɗauki hoton ɗan gajimaren ta auna zafinsa da matsinsa. Hoto ɗaya, gajimaren ya mutu, a sake wani. Haka ta kwashe shekaru.

Tana nan malaminta ya yi ritaya, aka wargaza na'urar, aka share duk abin da ke cikin ordinatocin labo, wato kwamfutocin. Hotunan ba su rage ko'ina ba sai a wani ɗan diski kamar tafin hannu. Shi ne digirinta gaba ɗaya.

Uwarta Kaltuma ta ga yadda take kaffa-kaffa da abin.

"'Yar nan, mene ne a ciki?"

"Inna, rayuwata ce."

To, ai ta faɗa wa wadda ba ta wasa da magana! A gidansu, abin da rai ya rataya a kansa ba a barinsa tsirara, fata ake ɗinka masa a rataya a wuya. Ranar kasuwa, Zuhaira na wanka, Kaltuma ta zare diskin ta kai wa Dado baduku.

Dado kuwa gwani ne, ba ya aikin ganin ido. Ya jiƙa jar fata ya lulluɓe, ya ɗinke, ya ɗora bisa dutse ya buga ado da ƙarfe da guduma, gaba da baya. Ya shanya a rana fatar ta kama jikinsa.

Da Kaltuma ta kawo mata, Zuhaira ta farke gefe guda ta jona shi da kwamfuta, sai ƙas, ƙas, ƙas. Ta san wannan ƙarar. Ta sake jonawa, ina! Guduma ta kashe diskin, hotunan sun tafi.

Kaltuma ta leƙo, baki har kunne.

"Ya yi kyau ko? Na ce masa ya buga da ƙarfi, kada wani abu ya same shi."

Zuhaira ta dubi uwarta, ta dubi adon. Wallahi ya yi kyau. Ta sunkuyar da kai, Kaltuma ta yi bismilla ta rataya mata.