Saifar Yaya Sahabi

Shekarata tara ina aikin labo, wato ɗakin gwaji, a asibiti a Tanut, ina leƙa jinin mutane a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ubana Audi kuwa shi ne sarkin askar garinmu, can bayan Gangara, kamar yadda ubansa ya yi. A gida ana yi mana tsiya, wai jini ne abincinmu, shi da ƙaho, ni da allura. Da can nakan yi dariya.

Yayana Sahabi ya tafi arewa ginin rijiya, ya dawo bayan damina da zazzaɓi. Wata uku abin bai sake shi ba. Sau biyu aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ko gezau. Ranar da na je gida na gan shi, da ƙyar na gane shi. Mutumin da ke ɗaga buhun hatsi shi kaɗai ya koma ƙashi da fata, fuska ta yi duhu, ciki kuma ya yi tsini ta gefen hagu. Ban yi shawara da kowa ba, na sa shi a motar kasuwa muka taho Tanut.

Na ɗebi jininsa na ƙirga fararen ƙwayoyi. Lafiyayyen mutum yana da wajen dubu shida a ɗan mitsitsin ɗigo, shi bai kai dubu ɗaya da rabi ba. Likita ya ce a duba ɓargo. Ya huda ƙashin ƙirjinsa da allura ya zuƙo kaɗan, ni na shafa a gilashi, na rina, na sa a madubi. Wallahi da na gani sai na ture kujera na fita waje na tsaya.

Da na dawo na zauna bakin gadonsa. Na ce, "Yaya, akwai manyan fararen ƙwayoyi a jikin mutum, aikinsu duk abin da ya shigo baƙo su haɗiye shi su narkar. To, wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba ya cije ka a arewa, ya zuba maka wata cuta. Ita wannan in an haɗiye ta ba ta narkewa. Sai ta zauna a cikin ƙwayar ta yi ta haihuwa har ƙwayar ta fashe, wasu su zo su haɗiye ƴaƴan, su ma su fashe. Su ne suka cika maka saifa."

Ya yi murmushi da busasshen bakinsa ya ce, "Wato masu gadin ne suka ba ɓarawo ɗaki."

Na ce, "Har da tabarma. Amma ka ji abin da ya fi muhimmanci. Yanzu jikinka ba shi da masu tsaro, jininka ma ba ya saurin tsayawa. Ko ƙaya ta soke ka tana iya tafiya da kai. Maganin yana nan, daga Damagaram za a kawo, kwana shida. Ka kwanta kawai."

Rana ta uku sai ga Baba da zabirarsa a kafaɗa. Ya ɗaga rigar Yaya ya danna cikin da yatsa biyu, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Saifa ce. Daga nan har Belbeji, duk saifar da ta kumbura wurina ake kawo ta. Sai ta ɗana ce za a ce na kasa?"

A gidanmu haka abin yake tun kakanni: ɗan gida ba ya shan maganin wani sai askar gida ta taɓa shi tukuna. In ba haka ba, gari zai ce mai askar ma bai yarda da ita ba. Na san wannan sarai, shi ya sa na durƙusa a gabansa kamar yarinya, na maimaita masa duk abin da na gaya wa Yaya. Na ce, "Baba, don girman Allah, kada ka tsaga shi. In ya warke ka yi masa duk abin da kake so."

Ya ce, "Na ji, Ramla."

Kashegari da hantsi ina labo, kan in fito gado ya zama wayam, Baba ya tafi da shi gida. Na kira Yaya a waya ina zazzaga masifa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kwana biyu ne kawai. Ki bar tsoho ya fita kunya. Tsaga nawa aka yi mana muna yara, mun mutu?"

Haushin da na ji a ranar har yau bai gama sauka ba. Na ji haushin Baba, na ji haushin Yaya da ladabinsa na banza, na ji haushin kaina da ban kwana na wuni a ƙofar ɗakin ba. Aiki bai bar ni na bi su ba, mu biyu ne a labon, ɗayar kuma tana jego.

Ranar da magani ya iso na hau babur na tafi. Na tarar da shi a rumfa, matarsa Habiba tana yi masa fifita. Tsaga goma sha biyu a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ƙaho wuri uku, an shafe da baƙin garin magani. Habiba ta ce kwana biyu jini yana tsattsafowa. Jikinsa zafi kamar bakin murhu, numfashi sama sama, ya dube ni bai gane ni ba.

Baba ya zo ya tsaya a kaina, da fara'arsa. Ya ce, "Dubi da kyau, ke mai madubi. Kwana biyu, ko ɗigon mugunya babu. Shekara arba'in ina wannan aiki, miki mai tsabta haka alamar sauƙi ne."

Na ce, "Baba, mugunya gawar fararen ƙwayoyi ce, waɗanda suka taru a miki suka yi faɗa suka mutu. Babu ita ne don babu mai faɗan. Ƙofa goma sha biyar ka buɗe, ba kowa a bakinta."

Fara'ar ta tafi. Da na nemo mota shi ya kama ƙafafun Yaya muka sa shi.

Mun isa Tanut, an yi duk abin da ake yi. Datti ya riga ya bi tsagar ya shiga jini. Kashegari bayan azahar Yaya Sahabi ya cika, maganin da muka yi kwana shida muna jira yana kan tebur, kwalba ɗaya kawai aka fasa.

A wurin wanka ne maza suka ga ɗan tabon allura a ƙirjinsa. Tsaga goma sha biyu da ƙaho uku ba wanda ya ga abin magana a cikinsu, kowa a garin yana da irinsu a jikinsa. Amma wannan ɗan ɗigon, kafin a dawo daga maƙabarta ya zaga gari: an zuƙe wa Sahabi ɓargo a Tanut, kuma ƙanwarsa ce ta riƙe kwanon. Wa ke rayuwa ba ɓargo? Ranar sadakar uku na miƙa wa Inna, mahaifiyarmu, ruwa, ta kau da kai. Habiba ta janye ƴarta daga jikina.

Da la'asar na sami Baba shi kaɗai a zaure. Na zauna, ban gaishe shi ba.

Na ce, "Ka ji abin da ake faɗa."

"Na ji."

"Ka kuma san abin da ya kashe shi."

Ya tsufa a kwana ukun nan, har na kusa jin tausayinsa. Ya ce, "Na sani tun a rumfa."

"To ka faɗa musu. Ko Inna kaɗai ka faɗa wa. Uwata ce, Baba, ba ta karɓar ruwa a hannuna."

Ya ce, "In na ce ni ne, ina zan zauna? Ke kina da Tanut."

Na shiga ciki na ɗauki jakata, na yi wa Inna sallama daga bakin ƙofa, ba ta amsa ba. Na fita bakin hanya na jira motar Tanut.