Miyar Kaza Ranar Alhamis

Da Orest ya san abin da kalmar "mura" za ta jawo, da ya haɗiye ta.

A masana'antar dankalin garinsu akwai wata al'ada tun kafin a kama shi aiki: duk wanda ya kwana uku ba a gan shi ba, sai Doreen mai awo ta dafa miyar kaza, a sa hannu a kati, ta kai masa har gida. Shekara ashirin da biyu Orest yana sa hannu a katin nan. Amma ranar Litinin da aka tambaye shi ina 'yarsa Lesia, wadda ita ma a nan take aiki, bai tuna da wannan ba. Ya ce mura ce.

Ba mura ba ce. Kwana biyar ta ɗauka, cikin hutun da doka ta ba wanda ake duka a gida, da albashi cikakke, kuma daga manaja sai Orest suka sani. Kullum ƙarfe shida takan fito da kayan aiki da hularta, Orest ya ɗauke ta kamar yadda ya saba, sai ya sauke ta a tashar bas. Ta je kotu, ta je wurin likita, ta samu ɗaki a birni. Mijinta Curtis yana ganin albashi bai ragu ba, bai ga abin tambaya ba. Juma'a za ta ɗauki 'yarta Nadia daga makaranta, ba za su koma gidan ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe biyu, Wayne direban motar lodi ya tare shi a ɗakin shan kofi.

"Kai dattijo, kai kam ba ka da kunya. Kowa ya sa hannu a katin 'yarka, ban da ubanta. Ko gilashin idonka ne ya sake ɓata?"

"Wane kati?"

"Na mura mana. Doreen ta fita da tukunya tun ɗazu. Ko ɗanɗano ta hana mu, marowaciya."

Orest ya ajiye kofinsa. Ya kira Doreen sau uku. Ba ta ɗaukar waya in tana tuƙi, kowa ya san haka. Bai ko cire hular aiki ba ya shiga mota.

Ya tarar da ita a bakin ƙofar gidan Lesia, hannu wayam. Curtis ne ke riƙe da tukunyar, katin a kan murfi.

"Baba Orest, sannu da zuwa," in ji Curtis cikin ladabi. "Ashe matata ba ta da lafiya kwana huɗu, ni ne na ƙarshen ji. Ga shi kuma kullum kai kake kai ta aiki."

"Asibiti take zuwa. Ba ta so ka damu."

"Allah sarki. Wane asibitin?"

Doreen ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Ni fa miya kawai na kawo," ta ce a hankali.

"Kin kyauta, Anti. Za mu sha tare in ta dawo." Ya shiga, ya tura ƙofa da ƙafa.

Sai da Orest ya sha kwana ya tsaya ya kira Lesia. Ya gaya mata komai, har da murar. Ba ta yi masa faɗa ba.

"Baba, je ka makarantar su Nadia. Ina kan hanya, minti hamsin."

A makaranta sakatariya ta duba takarda, ta ce sunansa ba ya cikin waɗanda ake ba yarinya. Uwa ce ko uba. Takardar kotun da za ta hana Curtis ɗaukar Nadia kuwa sai gobe za ta fito. Ta ba shi haƙuri, ta nuna masa benci.

Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofar shiga, inda ake hango titi ta ɓangarori biyu. Hagu hanyar tasha ce, dama hanyar gidan Curtis. Iyaye suka fara jera motoci, wata mata ta gaishe shi, ta tambayi jikin Lesia. Ya ce da sauƙi.

Uku da rabi ake tashi. Saura minti goma sha biyu, kuma bai san wanda zai riga isowa ba.