Ciyawar Bayan Katanga

Tun da aka sayar da saniyarsa ta ƙarshe, Baffa Hammawa ya daina cin abinci. Yayan mahaifina ne. Aka ɗauko shi daga ruga a wajen Gubi aka kawo shi gidanmu a Fadaman Mada, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ba ya magana, ruwa kawai yake kurɓa. Likita ya ce in ya ci gaba a haka sai an kwantar da shi, Baffa kuwa babu abin da yake tsoro kamar gadon asibiti. Inna ta ce tunda ba makaranta nake zuwa ba, ba wurin aiki ba, ni zan zauna da shi in lallashe shi ya sha fura.

Ni da zama wuri ɗaya ba ma shiri, sai dai in da waya a hannuna. Akwai wasan da muke yi da abokina Fortune, shi yana Yelwa ni ina gida. Ƙananan motoci ne, kowace da balan-balan a bayanta. A sake mu cikin fili mai katanga mu yi ta jifan juna, wanda nasa suka fashe duka ya fita. Filin ƙasar Sin na fi so. Jajayen fitilu na lilo a sama ba iska, rufin gidaje ya lanƙwashe kamar ƙaho, furanni na zubowa ba sa ƙarewa. A tsakiya wani maciji na zinariya mai gemu ya naɗe jikin ginshiƙi yana barci.

Ranar nan bayan azahar, ƙwaryar fura na gefe ba a taɓa ba, na ji numfashi a kafaɗata. Baffa ne ya matso.

"Ina ne nan?"

Muryar ta dushe, har na ɗauka daga wayar ta fito.

"Birnin Sin ne, Baffa."

"Ashe akwai shi." Bai kalli motoci ba, bai kalli maciji ba. Ya ɗora yatsa can sama, bayan katanga, inda aka zana tuddai kore shar, hazo na kwance a gindinsu. "Ciyawar can ta wa ce?"

Ban taɓa lura da ita ba.

"Ba ta kowa ba ce."

"Ba gonaki?"

"Babu."

"Kai mu can."

Na juya mota na bi jikin katanga. Wani ya jefe ni, balan-balan ɗaya ta fashe. Muryar Fortune ta ɓarke daga wayar: "Musaddiq! Motarka ya sha wani abu ne? Ina za ka, ɗan ƙauye?"

Na kashe muryarsa. Muka wuce ƙarƙashin fitilu a hankali, muka haye wata gada ja. Ƙarar kekenapep ta layinmu ta yi nisa, kiɗan wasan ya cika zauren, wani siririn kiɗa kamar ruwa na ɗiga cikin tulu. Baffa na ta nuna hanya da haɓa. Ya ce irin wannan ciyawa, saniya in ta ci sati ɗaya sai ka ga fatarta na ƙyalli. Ya fara kiran sunayen shanunsa ƙasa-ƙasa da Fulatanci, ɗaya bayan ɗaya, yana dakatawa kamar mai jiran su taso.

Na san babu ƙofa. Tuddan zane ne kawai, an liƙa su don kada ido ya ga fili wayam. Na zagaye filin nan sau ba adadi, na san kowane lungu.

Balan-balan ɗina ta ƙarshe ta fashe. Motata ta yi fari-fari ta ɓace.

"Me ya faru?"

Na buɗe baki zan faɗa masa. Idonsa na kan tuddan.

"Ba mu samu ƙofar ba, Baffa. Ina jin ta can gabas take."

Ya gyaɗa kai. "Da nisa ke nan."

"Da nisa."

Ya gyara zama, ya naɗe hannun rigarsa.

"To, miƙo min ƙwaryar nan tukuna. Sannan ka sake tayar da motar."