Sunan da Sadiyya Ba Ta Kira Ba

Tun kafin a yi sadakar bakwai unguwarmu a Gaya ta gama yanke hukunci: aljanar ruwa ce ta ja jikata Zulfa, da ta gama da ita kuma ta shiga jikin uwarta, surukata Sadiyya. Shaidarsu ita ce tun da aka mayar da Sadiyya gidan iyayenta a Ajingi, wai takan zauna bayan rumbu tana magana da wanda ba a gani. Bappa, ƙanin marigayi mijina, har ya samo wani mai magani da ke ɗaure masu irin wannan lalura da mari. Ya ce ran Asabar za a kai ta.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, na saba da jin "ba ni ba ne". Aljanu gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai na lura duk laifin da ya rasa mai ɗauka, su ake ɗora wa.

Ban je tafiyar da Zulfa ta rasu a cikinta ba, gwiwa ta hana ni. Ɗana Da'u ne ya ƙudura cewa a dogon hutun nan sai yaransa sun ga ruwan da ya fi kududdufi. Ya ɗebi matarsa da yara uku, da Bappa wanda ba a tayar da mota ya zauna a gida, suka tafi wani gari na bakin dam, kudu da Kano, mai masaukin baƙi da kwalekwalen haya da mata masu suyar kifi. Kwana uku suka shirya yi. A rana ta biyu suka dawo da Zulfa a naɗe cikin zanen uwarta. Shekararta tara.

Na tambayi Da'u, ya ce shi yana wajen sayen kifi. Na tambayi Bappa, ya ce, "Hajiya, ruwan ne ya kira ta."

"Da wane harshe?" na ce. Ya tashi ya ba ni wuri.

Ran Alhamis da hantsi na hau adaidaita zuwa Ajingi. Hanne, mahaifiyar Sadiyya, ta tarye ni da kuka, ta nuna mini bayan rumbu da haɓa.

Kafin in gan ta na ji muryarta. "Zulfa. Zulfa." A hankali, daidai-wa-daida, kamar ɗaliba mai haddar karatu. Ƙafata ta tsaya. Shekara tara ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Zulfa 'yar fari ce, kuma Sadiyya irin matan nan ce da ba sa kama sunan ɗan fari. Sai "ke", sai "yarinyar nan". Ni da bakina na sha yin alfahari da haka a gidajen biki, ina cewa surukata 'yar gidan kunya ce, ba irin na yanzu ba.

Ta gan ni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa. Tana tsinkar zogale, ko sanda ɗaya ba ta bari a cikin ganyen ba.

"An ce kin haukace," na ce.

"Na ji, Hajiya."

"To kin haukace?"

"Da ya fi mini sauƙi."

Na zauna kan turmi. "Gaya mini. Ban zo da kowa ba."

Ta ce da suka isa bakin ruwan, mai kwalekwale ya nuna wa manya wata gora da aka kafa da jan ƙyalle, ya ce daga nan ƙasa ta yanke, rami ne. Yara sun fi ashirin suna wasa a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ita tana kan tabarma tana zuba wa Bappa kunun aya, sai ta hango silifas ɗin Zulfa ruwa ya ɗauke, yarinyar na bin sa, ta ba su baya, ta nufi gorar.

"Na miƙe na ce, ke! Yara biyar suka juyo, ban da ita. Na ce, ke yarinyar nan! Ga Bappa a zaune, Hajiya. Sunan ya zo nan," ta taɓa maƙogwaronta, "ya tsaya. Na sake cewa ke."

"Sannan?"

"Sannan na kira. Da ƙarfi na kira. Sai silifas kawai."

Ta ci gaba da tsinkar zogalen. "Yarinya ce mai jin kira. Ko a makaranta an shaide ta. Shi ne nake faɗar sunan yanzu, don bakina ya saba."

Da zan tafi na ce wa Hanne ba wanda zai fita da 'yarta ran Asabar, ko wa ya zo ta ce ni na hana.

Da la'asar, bayan na koma Gaya, na tara Da'u da Bappa a zaure na gaya musu abin da na samo. Babu aljana a jikin Sadiyya. Ta ga 'yarta ta nufi rami, ta kira ta sau uku ba da sunanta ba, Zulfa ba ta juyo ba.