Haƙoran Mai Begila

Mai begila kowa ke kiransa a ƙungiyar makaɗan, har shugabansu da ya girme shi. Tun yana saurayi yake busa, kuma haƙoransa na gaba su ne jarinsa, don a kansu bakin begilar ke samun wurin zama. Da dasashinsa ya fara jini, sai ya riƙa kurkure baki ya tofar, ya ce zafi ne kawai.

Babbar 'yarsa ce ta gano, ranar da ta ga ja-ja a hankicin da yake goge begilar.

"Baba, mu je wurin likitan haƙori."

"In kai musu abincina su fizge? Ke dai ƙyale ni."

Ta san in ya kafe babu mai tanƙwara shi. Wani abokin busarsa ya taɓa zuwa an cire masa haƙori, bai ƙara hawa dandamali ba, kuma abin ya tsaya wa mahaifinta a rai. Sai ta wuce kemis ta sayo man goge baki mai sinadarin inzayim. Ta yi masa bayani cewa irin sinadaran da ke cikin yawu ne, suna taimakawa wajen rage dauɗar da ke manne wa haƙori, dasashi ya sarara. Ta ƙara da cewa mai kemis ya ce duk da haka a ga likita. Wannan ɓangaren ya yi kamar bai ji ba.

Man ba ya kumfa sosai, ba ya yaji a baki.

"Wannan ya fi ki ladabi," ya ce mata.

Safe da yamma yana gaban madubin banɗaki yana gogewa a hankali. Jinin ya ragu, warin ma haka, har matarsa ta ce yanzu mutum zai iya zama kusa da shi ba tare da ya kau da kai ba. Ya yi dariya, ya ɗauka ya warke. Watanni suka wuce.

Wata rana suna gwaji a zauren da suke haya, ya ɗaga begila zai kai sauti sama, sai ya ji wani abu ya gusa a bakinsa. Sautin ya tsage. Shugaba ya sauke hannu, aka sake daga farko, ya sake tsagewa. Ya taɓa haƙorin da harshe, ya ji yana lilo.

Da ƙafarsa ya je asibitin haƙori, 'yarsa na biye. Likitar ta daɗe tana duban hoton haƙoran da aka ɗauka, sannan ta dube shi.

"Baba, man nan ya yi iya nasa, ya rage dauɗar sama. Amma dauɗar da ta daɗe ta daskare kamar dutse a ƙarƙashin dasashi, buroshi ba ya kai wa can. Ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya zaizaye."

"Da na zo tun farko fa?"

Ta ajiye hoton. "Da mun kankare ta, da mun ceci na gaban."

Aka cire biyu, aka sa masa na roba. Ya gwada busa a ɗaki, ƙofa a rufe. Da ya matsa leɓe sai robar ta zame, iska kawai ke fita. Matarsa tana jiyo shi daga kicin, ta ƙara buɗe famfo don kada ya san tana ji.

Shugaba bai kore shi ba. Ya ba shi aikin jera kujeru da kula da akwatunan kayan kiɗa. A wasan farko da aka yi ba da shi ba, ya tsaya bayan labule yana sauraron wanda ya gaje shi. Mutumin yana da huhu, sai dai gaggawa ta yi masa yawa, yana yanke sauti tun bai nuna ba. Jama'a suka yi ta tafi, babu wanda ya lura.

Bai jira a tashi ba, ya kama hanyar gida a ƙasa. Ya tarar da 'yarsa tana kwashe shanya.

"Baba, yaya wasan?"

"Sun yi ƙoƙari," ya ce, ya shige ɗaki bai ko cire takalmi ba.