Tankin da na cika

'Yata ta yi tafiyar kwana uku, ta bar mini makullan masana'antarta ta kyandir. Shekara biyu ina roƙon ta ba ni wani aiki a wurin, don zaman gida ya ishe ni tun da na bar koyarwa. Ta ce wannan gwaji ne.

Ba da harshen wuta ake narka kakin ba. Wasu sandunan ƙarfe ne lantarki ke gasawa cikin mai, famfo ya tura man ta bututu ya zagaye tukunyar kaki, ya dawo a sake gasa shi. Can sama kusa da rufi akwai ɗan tanki, man cikinsa ko rabi bai kai ba.

Na tambayi Dogo, mai kula da injin, dalili.

"Haka muka tarar, Mama."

Duk duniya ba amsar da na tsana kamar wannan. Shekara talatin ina korar ɗalibai waje a kanta.

"Wanda kuka tarar ɗin, shi wa ya gaya masa?"

"Ya rasu, Mama. Sai dai in kin je ki tambaye shi."

Washegari da safe, Dogo yana can yana sauke kaya, na jingina tsani na hau da jarka da mazurari, gwiwoyina suna ƙara. Na cika tankin har wuya. Na sauko ina jin na gyara lalacin mutum biyu, rayayye da matacce.

Dogo ya kunna inji. Allurar ma'aunin zafi ta wuce ɗari da hamsin, sai na ji ɗis, ɗis. Kafin ya kashe, mai ya malalo ta bakin tankin ya wanke kwali takwas na lagwani.

Mai in ya yi zafi kumbura yake yi, wurin da aka bari na numfashinsa ne. Ni na koya wa yara wannan, da kwalba da ruwa mai launi, 'yata ma tana layin gaba.

Da ta dawo, ta dubi kwalayen, ta dubi tabon mai a zanena. Ta miƙo hannu, na saka mata makullan.

Yanzu, in sabon ma'aikaci ya tambayi Dogo dalilin rabin tanki, sai ya ba shi lambar wayata.