Injin Da Baba Kunne Ya Saurara

Shekara arba'in da ɗaya ana kawo wa mutumin nan motoci yana saurara, har sunansa na ainihi ya ɓace, kowa sai Baba Kunne. In za ka sayi mota, sabuwa ko ta hannu, sai ka biyo da ita garejin kafin ka ce ka saya. A ɗaga bonet, a ta da inji, Baba ya zaro doguwar sukundirebarsa mai ƙotar katako, ya ɗora tsininta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Minti biyu, uku. In ya ɗago ya ce saya, to saya ka je ka yi barcinka. In ya ce mayar musu da abinsu, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Abin da babu wanda ya sani a garejin shi ne kunnen ya tafi. Na dama ya mutu murus shekara biyu da suka wuce, na hagu kuma ya bi sahu, sai an ɗaga murya yake tsintar rabin magana. Baba ya koyi kallon bakin mutane, ya koyi tsayawa inda zai ga fuskar kowa, ya koyi yin dariya in ya ga ana dariya. Wajen aiki kuwa ya daina sa ƙotar a ramin kunne. Sai ya danna ta a ƙashin bayan kunnen, ya dafa ƙarfe da ɗaya hannun, ya karanta inji da girgizarsa. Yana dacewa kuwa, don wanda ya yi shekara arba'in da injuna ko a tafin hannu suka yi tari zai gane.

Me ya sa yake ɓoyewa? Ai ba sai an tambaya ba. Hannunsa rawa yake, ko noti ba ya iya ɗaurewa. Mai Gareji, ɗan marigayi amininsa, ya sayo na'urar nan da ake jona wa mota ta zayyana ciwonta a allo. Da bakinsa ya taɓa cewa, "Baba, don kunnenka ake zuwa wurin nan." Yabo ne, amma Baba ya juya maganar ya ga bayanta: ran da babu kunne, babu Baba. Kullum ya fito daga gida da tsoro yake fitowa, da shi kuma yake komawa.

Ran nan da hantsi yana zaune a bencinsa sai ga wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya ta shigo, sabuwa fil, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Autarsa ce ta fito daga gefen direba, da farin kayanta na aikin asibiti, ta durƙusa ta gaishe shi. Bayanta wani dillali ne na kamfanin motocin, ya sha taye, yana rungume da takardu.

"Baba, ita ce wadda na ce maka," in ji Auta. Ita da ma in za ta yi masa magana sai ta dube shi, shi ya sa bai taɓa shan wahala da ita ba. "Sun ba ni in gwada. Na ce musu ba na sa hannu a takarda sai babana ya saurara."

Kafin ka ce kwabo gareji ya taru. Ka san mutanenmu, in aka ga sabon abu kowa malami ne. Mai Fenti, wanda Allah ya hore wa murya kamar ya haɗiyi lasifika, shi ya fara zagaya ta.

"Auta, wannan mota ce ko akwatin ashana? Ina kika baro sauran?"

"Kai dai hassada," in ji Mai Faci, yana ƙwanƙwasa taya da ƙafa. "A wannan zamani da fetur ya zama turare, wa ke neman ƙatuwar mota? Wannan sai dai ta sansana mai ta wuce."

"Ta sansana ta wuce ina? Ɗora mata mutum huɗu masu tumbi irin naka, a kai ta hawa, mu ga ko ba za ku sauko ku tura ba."

Mai Fenti ya buɗe ƙofar baya ya cusa kansa ciki, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, ya leƙo yana cewa a zo a ciro shi. Mai Faci ya zauna a gaba ya miƙe ƙafa ya ce wallahi ta fi kujerar ɗakinsa. Aka koma gardamar but, wurin zuba kaya na baya, wannan ya ce buhu biyu zai shiga, wancan ya ce sai dai buhun auduga. Dillali ya yi ta murmushi yana jiran a ba shi fili, da ya samu kuwa ya saki baki. Ya ce motar inji iri biyu gare ta. Akwai mai silinda uku, fetur zalla, ba ta da laifi amma tana ɗan kuka a hawa. Akwai kuma wannan, mai haɗin fetur da batir, wadda tanki ɗaya zai kai Auta asibiti ya dawo da ita har ta manta hanyar gidan mai. Ya ce laushin injinta, ko kofin ruwa ka ɗora ba zai motsa ba.

Duk wannan Baba ya kama, don dillalin yana fuskantarsa. Daga nan ne mutumin ya juya wajen Auta, ya ba Baba ƙeya, ya ƙara magana guda. Ya ce in motar ta tsaya kuma batir ya cika, injin da kansa yake mutuwa don kada ya sha mai a banza, in ta buƙace shi ta sake tayar da shi. Kowa a wurin ya ji, har Mai Fenti ya ce aljanu ne. Baba kaɗai ya ga kawuna suna gyaɗawa, shi ma ya gyaɗa nasa.

Aka ɗaga bonet. Auta ta danna maɓalli, fitilun gaban direba suka kama, injin ya tashi ya ɗan yi aiki. Kafin Baba ya miƙe daga benci, ya goge tabarau, ya ɗauko sukundireba ya ƙaraso, injin ya yi abin da dillali ya ce zai yi.

Baba ya leƙa, ransa ya ɓaci tun kafin ya fara. Sun lulluɓe komai da baƙar roba, babu abin da ido zai kama yana juyawa sai fanka can gaba, ita kuma da lantarki take aiki. Ya lalubi inda ƙarfe ya leƙo, ya ɗora tsini, ya danna ƙota a bayan kunne, ya lumshe ido.

Shiru.

Ya canza wuri. Ya danna har ƙashin ya yi zafi. Ya dafa da tafin hannu, ban da ɗan zirr na fanka babu komai. Gabansa ya faɗi. Bai zo masa a rai ba ko kaɗan cewa injin ne ba ya aiki, don a duniyar da ya sani, motar da aka tayar tana nan a tashe har sai an kashe ta. Abin da ya zo masa shi ne, shi ke nan, yau ƙashin ma ya bi kunnen. Abin da yake tsoro shekara biyu ya iso, kuma bai tashi isowa ba sai a gaban 'yarsa. Gumi ya karyo masa, yana bin bayan wuyansa.

Da ya ɗago ya ce yau ba ya jin daɗi, a bari sai gobe, da an wuce wurin. Amma Baba bai taɓa cewa gobe ba, bai san yadda ake faɗinta ba. Ya tuna dillali ya ce ko kofin ruwa ba ya motsi. Ya ce a ransa, sabuwar mota ce, me zai same ta? Ya ci gaba da lumshe ido, ya cika mintinsa uku, har da ɗan karkata kai kamar yadda ya saba. Sannan ya miƙe, ya goge tsinin sukundireba a rigarsa.

"Inji lafiya lau," ya ce. "Bugunsa daidai, ba ya tsalle, ba ya haki." Kuma da yake ya san hukuncin da babu ɗan aibi a ciki ba a cika yarda da shi ba, sai ya ƙara, "Akwai ɗan ƙyas-ƙyas ta sama, kaɗan ne, na sabunta ne. In ta yi tafiya zai kwanta. Saya, Auta."

Mai Fenti ya fashe da dariya, ya ɗauka tsokana ce. Ya duba ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye sauran. Mai Faci ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Baba ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya yana neman bakin da zai karanta, babu bakin da ke motsi. Na dillali ne ya motsa, shi kuwa baƙo ne, bai san wa ake jin kunya ba.

"Baba, ai injin a kashe yake. Tun kafin ka zo ya mutu."

Hannun Baba yana kan motar har yanzu. Kamar da gayya, a daidai lokacin injin ya tashi da kansa, girgizarsa ta shigo tafin hannun, ta hau har kafaɗa, sarai, yadda ko yaro zai ji. Ashe ƙashin bai mutu ba. Ashe da ya faɗi gaskiya ya ce bai ji komai ba, da shi ne mai gaskiyar wurin.

"Baba wasa yake muku," in ji Mai Gareji, ya matso yana dariyar yaƙe. "Gwada dillali yake."

Babu wanda ya taya shi dariyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba ya ga idon Mai Faci yana lissafin baya, yana tuno duk ranar da ya yi sallama ta baya ba a amsa ba. Akwai wani direban tasi da tun safe yake jiran layi da motar da zai saya, don Baba ya saurara masa. Baba ya gan shi ya tashi sumui-sumui ya nufi inda na'urar take.

Mai Gareji ya kama hannun Baba ya ja shi ofis, ya zaunar da shi a kujerarsa ta kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya durƙusa a gabansa. Ya buɗe baki sosai, yana fitar da kalma ɗai-ɗai kamar mai koya wa jariri magana, wannan kuwa ya fi wa Baba zafi fiye da abin da ya faɗa.

"Baba, ka yi mana komai. Ka je gida ka huta. Wurin nan naka ne, duk ran da ka so ka zo ka zauna."

Ka zo ka zauna. Baba ya ce to. Ya ce Allah ya yi albarka. Ya fito, bai dubi benci ba, bai dubi kowa ba, su ma kowa ya sami abin da ya duƙufa a kai.

Auta ta roƙi dillali ya jira ta, ta buɗe wa ubanta ƙofar gaba. Suka hau titi. Motar tana tafiya sumul, ramukan hanya ma da ƙyar ake jin su. Ta gefen ido ya ga bakinta yana motsi, amma idonta na kan hanya, ba ya ganin leɓenta. Ya ce, "Haka ne." Can ya sake cewa, "Haka ne." Sai ta gangara gefen titi ta tsaya, ta juyo da fuskarta gaba ɗaya. Hawaye ya riga ya jiƙa mata kumatu.

"Baba, tambayarka nake yi. Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu! Ni da nake aiki a asibiti? Duk hirar da nake maka a waya fa?"

"Ina jin muryarki," ya ce. "Na san ke ce. In kin yi shiru sai in ce madalla."

Ta kifa kai a sitiyari, kafaɗunta suna rawa. Ya ɗaga hannu zai dafa ta, sai ya mayar da shi kan cinyarsa. Baƙin ciki ya cika shi, ba na kunnen ba ma, na cewa 'yarsa ta kawo masa amana a gaban jama'a shi kuma ya auna mata ƙarya. Ta ɗago, ta share fuska, ta ce akwai likitoci, akwai abin da ake maƙalawa a kunne, za su je gobe-goben nan. Ya gyaɗa kai don kada ta ƙara kuka. Ya san abin maƙalawa zai iya dawo masa da sallamar mutane, amma babu mai sake kawo motarsa wurin wanda ya ji ƙyas-ƙyas a mataccen inji.

Auta ta ƙaƙalo murmushi, ta shafa sitiyarin.

"To Baba, har yanzu ban sa hannu ba. Kai nake jira. In saya?"

Ya gane tausayi ne. Ya dubi bonet ta cikin gilashi, ya kasa kunnen da ya rage masa, bai ma san ko injin yana aiki ko ya sake mutuwa ba.

"Ban sani ba, Auta," ya ce. "Ki kai wa mai na'ura." Ya shafa ledar da ke ƙarƙashinsa. "Kujerar dai tana da laushi. Iyakar abin da zan iya gaya miki ke nan."